Nahiyar da ba ta da ɗan gari: Antaktika a ƙagaggun labaran kimiyya

A tsakiyar watan Fabrairu na kowace shekara jirgin sama na ƙarshe yakan tashi daga tashar binciken Amurka da ke daidai ƙuryar kudu ta duniya, wadda ake kira Amundsen-Scott. Daga ranar hanya ta rufe ke nan sai wajen ƙarshen Oktoba, don sanyin da ke tafe ya fi ƙarfin man jirgi. Mutum arba'in da 'yan kai ake bari a wurin. Rana za ta faɗi musu a watan Maris, ba za su sake ganinta ba sai Satumba. To da zarar jirgin ya ɓace, waɗannan bayin Allah suna da wata al'ada: sukan taru su kalli fim ɗin The Thing na 1982. Labarinsa na wasu ma'aikatan tashar bincike ne a Antaktika da hanya ta rufe musu, wata halitta ta shiga cikinsu tana cinye su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar kamanninsu. Kamar dai mutum ya shiga kwalekwale a Yawuri, sai an kai tsakiyar kogi ya ce wa matuƙi ya ba shi labarin waɗanda ruwa ya ci bara.

Kusan shekara 200 ke nan marubuta suna jibge wa wannan nahiya kaya: ƙofar shiga cikin ƙasa, teku mai ɗumi, birnin da ya girmi ɗan Adam, jirgin halittun wata duniya. Sauran wurare masu nisa an yi yayinsu an wuce, ita kuwa har yau ba a sake ta ba. A ganina babban dalili shi ne ita kaɗai ce nahiyar da ba ta da ɗan gari. Ba ta da sarki, ba ta da harshe, ba ta da kushewar kakan kowa. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato a jera Najeriya 15 a cikinta, kuma kusan kashi 98 cikin 100 ƙanƙara ce mai kaurin kimanin kilomita 2 in an daidaita. Mazauna wurin duk 'yan ci-rani ne: wajen mutum 5,000 lokacin da rana ke sama, wajen 1,000 lokacin duhu. A tashar Vostok ta Rasha aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 na ma'aunin Celsius ƙasa da sifiri a watan Yulin 1983. Mu da muke kuka da hunturun Jos ko na Agadas sai mu yi shiru.

Mu mutanen bakin Sahara mun san yadda ake yi wa wuri ƙarya saboda nisansa da mai ba da labarin. A 1863 marubucin Faransa Jules Verne ya ɗora jarumansa a kan balan-balan ya ratsa da su sararin Afirka ta kan Tafkin Chadi da Tumbuktu, yana dogaro da rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851. A 1919 wani Bafaranshe, Pierre Benoit, ya ɓoye ɓataccen birnin Atlantis a duwatsun Ahaggar, ya naɗa masa sarauniya mai adana gawarwakin masoyanta. Amma Ahaggar ƙasar Abzinawa ce. Hamadar da Bature ke kira kango, ayari ne ke ratsa ta kowace shekara daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri, madugu ya san kowace rijiya da sunanta. Duk ranar da jikan madugun ya karanta littafin zai ce ba haka ba ne. A Antaktika babu mai cewa haka. Sai dai abin ya zo wa marubutan da tasa matsalar, domin labarin kasada irin na Turawan wancan zamani ba ya tafiya sai da mutanen gari, waɗanda za a ji tsoro, ko a yaƙa, ko a yi wa wayo. Da ɗan gari akan ci gari. Tunda babu, sai kowane marubuci ya ƙera nasa, kuma da abin da ke damun ƙasarsa a lokacin yake ƙera shi.

Ita nahiyar ma a takarda aka fara ganinta. Masu zanen taswira na ƙarni na 16 sun riƙa shata wata ƙatuwar ƙasa a gindin duniya, bisa tsohon tunanin cewa dole a sami nauyi a kudu da zai daidaita na arewa, kamar kayan jaki. James Cook, matuƙin jirgin ruwa na Ingila, ya tsallaka da'irar Antaktika a Janairun 1773, ya kewaye yankin bai ga ƙasa ba, ya dawo yana cewa in ma akwai ta, ba wani amfani da za ta yi wa duniya. Sai a 1820 aka hango ta, kuma mutum uku ke jayayyar wa ya riga: Bellingshausen na Rasha, Bransfield na Ingila da Palmer na Amurka. Bayan shekara 3 wani matuƙi, James Weddell, ya kutsa kudu fiye da kowa, ya tarar da buɗaɗɗen ruwa ba ƙanƙara. Sa'a ce kawai ta shekarar, amma ta zame wa masu hasashe hujja cewa in ka wuce zoben ƙanƙara ɗumi za ka tarar.

A nan wani tsohon kyaftin na sojan Amurka, John Cleves Symmes, ya shigo. A 1818 ya buga takarda ya rarraba, yana shelar cewa duniya holoƙo ce kamar gora, da baki a arewa da baki a kudu, kuma cikinta ana iya zama. Ya nemi jarumai 100 su raka shi. Aka yi masa dariya. A 1820 wani littafi mai suna Symzonia ya fito da sunan aro, jaruminsa ya shiga ta bakin kudu ya tarar da wasu fararen mutane masu zaman adalci a ciki. Abin mamaki shi ne inda wannan shirme ya kai. Almajirin Symmes, Jeremiah Reynolds, ya yi ta zirga-zirga a majalisar Amurka yana neman a tura jiragen bincike kudu, ya ajiye maganar rami da ya ga tana jawo masa raini, har dai aka amince. Jiragen suka tashi a 1838 ƙarƙashin Charles Wilkes, shi kuwa Reynolds aka bar shi a gida. A 1840 Wilkes ya bi gaɓar ƙanƙara mai tsawon fiye da kilomita 2,000, ya ce wannan nahiya ce sukutum. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin shi ya taimaka aka tabbatar da nahiya guda.

A 1838 ɗin nan marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fitar da labarin Arthur Gordon Pym, kuma ya ɗebi bayanai daga jawabin Reynolds. Duk wanda ya zo bayansa daga rijiyarsa ya sha. Pym yaro ne da ya ɓuya a jirgin ruwa, ya sha tawaye da haɗari da yunwa har aka ci naman mutum, sannan wani jirgin ya tsince shi suka nufi kudu. Bayan sun wuce ƙanƙara suka isa wani tsibiri, Tsalal, inda komai baƙi ne: mutanen baƙaƙe, har haƙoransu baƙaƙe, kuma ba abin da ke firgita su kamar farin abu. Suka karɓi baƙin da fara'a, suka ja su cikin wani kwazazzabo, suka rufto musu da dutse. Pym da abokinsa Dirk Peters suka tsere a kwalekwale da fursuna ɗaya. Suna ƙara yin kudu ruwa yana ƙara ɗumi yana komawa kamar madara, farar toka na zubo musu, manyan fararen tsuntsaye na kuka suna cewa tekeli-li. Fursunan ya mutu don tsoro. Can sai teku ya buɗe baki a gabansu, wani ƙaton abu mai siffar mutum, lulluɓe, fari fat, ya miƙe ya tare hanya. A nan littafin ya tsaya cak. Ba a faɗi ko mene ne ba.

Mai karatu baƙar fata ba ya bukatar a fassara masa wannan. Poe a Virginia ya tashi, jihar bayi, kuma shekara 7 kafin littafin aka yi tawayen Nat Turner a can. Baƙaƙen da ke murmushi da rana suna shirya kisa a ɓoye, wannan shi ne mafarkin da ke hana mai bayi barci, sai Poe ya ɗauke shi ya kai shi ƙarshen duniya inda ba baƙar fata ko ɗaya. Toni Morrison, marubuciyar Amurka baƙar fata, ta yi dogon nazari a kan wannan farin abu na ƙarshen littafin a 1992, a 2011 kuma Mat Johnson ya mayar da martani da wani labari na barkwanci inda ayarin baƙaƙen Amurka ne ke zuwa Antaktika. Duk da haka ba zan ce ƙarfin littafin ƙarya ne ba. Wannan yankewar da ya yi ba zato ta fi duk wani dodo da zai iya zanawa ban tsoro, kuma ita ce ta hana marubuta biyu manya sukuni har sai da suka ɗora.

Na farkonsu Verne ne. Tun a labarin jirgin ƙarƙashin teku na Kyaftin Nemo ya riga ya kai mutanensa ƙuryar kudu ta ruwa, Nemo ya kafa baƙar tuta mai harafin sunansa. A 1897 ya rubuta cigaban labarin Pym, Le Sphinx des glaces. Verne mutum ne da ba ya son barin tambaya a buɗe, don haka ya ba abin ban tsoron kudu bayani irin na ɗakin gwaji: wani ƙaton dutsen maganaɗisu ne mai siffar zaki da kan mutum, yana fizge duk ƙarfen da ya kusance shi, har ƙusoshin kwalekwale. Masu neman Pym suka tarar da gawarsa manne a jikin dutsen, bindigar da ya rataya ce ta ja shi. Hoton yana da kyau, amma da aka bayyana sirrin sai tsoron ya tafi.

Kafin nan gaskiyar wurin ta fara fitowa, kuma ba ta yi kama da teku mai ɗumi ba. A 1841 James Clark Ross ya ci karo da katangar ƙanƙara a tsaye cikin teku, tsayinta ya kai mita 50 a wasu wurare, tsawonta ɗaruruwan kilomita. In akwai abin da ya cancanci sunan bangon duniya da muke ji a bakin tsofaffi, to wannan ne. A shekarar da littafin Verne ya fito jirgin Belgica ya bar Beljiyam, ƙanƙara ta kama shi ta riƙe sama da shekara, mutanensa suka zama na farko da suka kwana duhun Antaktika. Ciwon rashin ɗanyen abinci ya kama su, wasu suka taɓu. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan Norwe, Roald Amundsen, wanda ya isa ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba 1911. Bai tarar da rami ba, bai tarar da dutsen maganaɗisu ba. Fili ne fari fetal a kan tudu mai tsayin mita 2,800 da wani abu. Robert Scott na Ingila ya iso ranar 17 ga Janairu 1912 ya tarar da tutar Norwe, shi da mutanensa huɗu duk suka mutu a hanyar dawowa.

Ga wani abu da ya fi mutuwar tasu tasiri a kan adabi. Da aka gano tantin Scott a Nuwamban 1912, an sami duwatsu masu nauyin kilo 16 a kan abin jan kayansu. Mutanen da yunwa ke kashewa, ba su fi kilomita 20 da ma'ajiyar abinci ba, amma ba su yar da duwatsun nan ba. A jikinsu akwai sawun ganyen wata tsohuwar bishiya, Glossopteris, irin wadda ake samu a duwatsun Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya. Ma'ana wannan hamadar ƙanƙara ta taɓa zama daji, kuma a da can manne take da Afirka. Ƙofar da Amundsen ya rufe, duwatsun Scott suka buɗe wata: tunda ba a sami kowa a wurin yanzu ba, to wa ya zauna a da?

Wannan tambaya marubucin Amurka H. P. Lovecraft ya ɗauka. Ya rubuta At the Mountains of Madness a 1931, bayan Richard Byrd ya bi ta saman ƙuryar kudu da jirgin sama a 1929. Mujallar da ya saba ba wa ta ƙi karɓa, sai a 1936 wata ta buga. Ya fara shi kamar rahoton jami'a, da lissafin karnuka da jiragen sama da injin haƙa, har mai karatu ya saki jiki. Wani rukunin masu binciken ya hango duwatsun da suka fi Himalaya tsayi, suka haƙa suka faɗa wani kogo, suka fito da wasu halittu 14 masu jiki kamar ganga da kai kamar tauraro. Aka fara feɗe ɗaya. Daga nan rediyonsu ya yi shiru. Da sauran suka iso sai suka tarar an kashe mutane da karnuka, kuma an feɗe mutum ɗaya da kare ɗaya a tsanake, irin feɗewar mai son sani. Mutum biyu suka tsallake duwatsun da jirgi suka ga wani birni na dutse da ya yi miliyoyin shekaru a kwance. Daga zanen jikin bango suka karanta tarihin masu shi: daga taurari suka zo, su suka fara rayuwa a duniya, kuma sun ƙera wasu bayi marasa siffa, masu kama da kwalta mai rai, don su yi musu aikin ƙarfi. Bayin suka yi wayo suka yi tawaye.

Ka ga mun koma Tsalal. Lovecraft mutum ne da wariyar launin fatarsa ba ɓoyayya ba ce, wasiƙunsa suna nan. Abin lura shi ne inda tausayin mai ba da labarin ya karkata. Halittun nan da suka yanka abokansa, daga baya ya ce ai su ma masana ne kamarsa, an tashe su daga barci a baƙon zamani, me za su yi? Ya kira su mutane. Baƙin bawan da ya ƙwaci kansa shi ne dodon da ba a yafe wa ba, kuma da ya biyo su a cikin rami kukan da yake yi shi ne tekeli-li na Poe, yana kwaikwayon muryar iyayengijinsa da ya kashe. Shekara 93 tsakanin rubuta littattafan biyu, tsoron bai canza ba, an dai matsar da shi daga tsibiri zuwa bayan dutse, daga yau zuwa zamanin da ba a yi mutum ba.

John W. Campbell ne ya sauya akalar a 1938 da Who Goes There?, wanda ya buga da sunan aro Don A. Stuart, kuma shi ne tushen fim ɗin da na fara da shi. Masu bincike suka tono wata halitta da ta yi shekara miliyan 20 a daskare kusa da jirginta. Suka narkar da ita don nazari. Ashe tana iya cinye duk mai rai ta koma shi sak, da muryarsa da tunaninsa. Daga nan ba sauran birni ko duwatsu, labarin ya koma cikin ɗaki: wanda kuke cin abinci tare, shi ne ko ba shi ba ne? Mafitar da jarumin ya samo ita ce ta fi zama a zuciya. Ya ce tunda kowane ɓangare na halittar rai ne mai son kansa, to jininta ma zai gudu daga wuta. Aka ɗebi jinin kowa, aka gasa waya ta yi ja, ana tsomawa ɗaya bayan ɗaya kowa na kallon kowa. Duk wanda ya taso a inda ake zargin maita ya san wannan yanayi, inda maƙwabcinka na shekara 20 zai wayi gari abin tuhuma kuma ba shi da hanyar wanke kansa. Bambancin kawai shi ne Campbell ya ba mutanensa gwajin da ba ya ƙarya, abin da masu zargin maita ba su taɓa samu ba.

Campbell ya gane cewa abin tsoron Antaktika na gaskiya rashin mafita ne. A 1961 likitan wata tashar Tarayyar Sobiyet, Leonid Rogozov, ya kamu da ciwon afendis, ba wani likita sai shi, ba jirgin da zai zo. Ya yi wa kansa allurar kashe zafi ya tsaga cikinsa da hannunsa, abokan aiki na riƙe masa madubi da kayan aiki, kuma ya rayu. Wurin da irin wannan ke faruwa ba ya bukatar a ƙara masa gishiri da yawa. Fim na farko da aka yi daga labarin Campbell a 1951 ya mayar da shi ƙuryar arewa, kusa da inda Amurka ke fargabar Rasha. John Carpenter ya dawo da shi kudu a 1982, ko da yake a Alaska da Kanada da wasu ɗakuna masu sanyi a Los Angeles aka ɗauka. Ya fito mako biyu bayan E.T., fim ɗin baƙon sama mai kirki, 'yan kallo suka juya masa baya. Daga baya ne ya zama abin da ya zama.

Akwai wani reshe da ya ɓalle daga adabi ya koma jita-jita, kuma shi ne ya fi yawo a wayoyinmu. Gaskiya ne Jamus ta tura jirgi a 1938 zuwa 1939, aka ɗauki hotuna ta sama aka jefa alamun Nazi a kan ƙanƙara. Gaskiya ne Amurka ta tura sojoji wajen 4,700 da jiragen ruwa 13 a 1946. Daga waɗannan biyu aka ƙulla tatsuniyar sansanin Hitler na ɓoye. Haka taswirar Piri Reis ta 1513, da wasu ke cewa ta nuna gaɓar Antaktika kafin ƙanƙara ta rufe ta, alhali ƙanƙarar ta yi shekara wajen miliyan 34. Masu cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce su kuma suka mayar da katangar Ross shingen da gwamnatoci ke gadi. Kayan Symmes da Lovecraft ne aka cire musu sunan marubuci aka sa musu muryar mai tona asiri a TikTok.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan Antaktika, wadda masu wannan jita-jita suke kafa hujja da ita, ba ta ɓoye komai ba. Ƙasashe 12 suka sa mata hannu a Washington a 1959, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Ta haramta aikin soja da gwajin nukiliya, ta jingine iƙirarin mallaka na ƙasashe 7, ta ba kowa izinin duba tashar kowa. A 1991 aka ƙara haramcin haƙar ma'adinai, wanda daga 2048 ake iya neman a sake zama a kansa. Su ma gwamnatocin sun san darajar ɗan gari: Ajantina ta ɗauki mace mai ciki ta kai tasharta ta Esperanza don a haifi ɗan ƙasarta a can, aka haife shi a 1978, Chile ma ta bi sahu.

Bayan yarjejeniyar sai labaran suka juya. Nahiyar da ake tsoron abin da zai fito daga cikinta ta koma wurin da ake gudu a ɓuya. A 1964 marubucin Japan Sakyo Komatsu ya rubuta labarin wata ƙwayar cuta ta yaƙi da ta ƙare mutanen duniya, kusan ba wanda ya tsira sai ma'aikatan Antaktika, don cutar ba ta aiki a tsananin sanyi. An tuna da shi a 2020, lokacin da korona ta mamaye kowace nahiya ban da wannan, har sai a Disamba da ta ɓulla a wata tashar Chile. Ursula Le Guin a 1982 ta yi gajeren labari na wasu matan Kudancin Amurka da suka riga Amundsen isa ƙuryar kudu da shekara 2, suka dawo ba su bar ko sawu ba, ba su gaya wa kowa ba don kada ran maza ya ɓaci. A zahiri sai 1969 mata suka fara taka ƙuryar kudu. Kim Stanley Robinson kuwa ya je da ƙafarsa a 1995 cikin shirin Amurka na kai marubuta, littafinsa na 1997 ba dodo a ciki, rigimar man fetur ce da ta yarjejeniya da ta leburorin tasha da ba a jin muryarsu. Amma ko shi bai iya haƙura ba. Ya saka wasu mutane da suka bar ƙasashensu suka tare a cikin ƙanƙara suna neman zama 'yan asalin wurin.

Abin da ya hana rijiyar ƙafewa shi ne ita kanta kimiyyar ba ta daina fito da abin al'ajabi ba. Dutse mafi tsayi a nahiyar, Vinson, mita 4,892 ne, bai kama ƙafar na Lovecraft ba. Amma a 1958 masu binciken Sobiyet sun gano jerin duwatsun Gamburtsev, masu girman Alps na Turai, binne gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙanƙara, ba idon da ya taɓa ganinsu. Ƙarƙashin tashar Vostok akwai tafki mai tsawon kilomita wajen 250, da kusan kilomita 4 na ƙanƙara a kansa, Rashawa suka huda suka kai gare shi a 2012. A 2013 Amurkawa suka ɗebo ruwa daga wani tafkin, Whillans, suka sami ƙwayoyin halitta masu rai a cikin duhun da rana ba ta shiga. Wani dutse da aka tsinta a tuddan Allan a 1984 ya tabbata daga duniyar Mars ya faɗo, a 1996 hukumar NASA ta ce mai yiwuwa akwai alamar tsohuwar rayuwa a jikinsa, har Shugaba Clinton ya yi jawabi, ko da yake yawancin masana ba su gamsu ba. Baƙo daga wata duniya kwance a ƙanƙarar kudu: Campbell ya riga su da shekara 58.

Yanzu kuma dodon ya zama ƙanƙarar kanta. A farkon 2002 wani faifan ƙanƙara, Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, ya farfashe cikin 'yan makonni tauraron ɗan Adam na ɗauka, kuma da tsagewarsa fim ɗin The Day After Tomorrow na 2004 ya buɗe. In ƙanƙarar nahiyar duka ta narke teku zai tashi wajen mita 58. Ba a wannan ƙarni ba, amma kogin ƙanƙarar Thwaites shi kaɗai yana riƙe da fiye da rabin mita, kuma unguwanni da yawa a Legas ba su da wannan rarar. Ruwan ba zai zo Kano ba. Mutanen da ya tasa za su zo.

Ɗan garin da aka yi shekara 200 ana ƙerawa kuwa akwai shi, masanin halittu na jirgin Belgica ne ya tsinto shi, aka kuma sa masa sunan jirgin. Tsuntsayen fengwin da sauran manyan dabbobin gaɓa duk daga teku suke ci, don haka dabba mafi girma da ke rayuwarta kacokan a kan ƙasar Antaktika wani ɗan ƙwaro ne baƙi, dangin sauro, marar fiffike, tsawonsa bai wuce milimita 6 ba. Yakan yi shekara 2 yana tsutsa, mafi yawan lokacin a daskare, in ya girma ya yi kwana 7 zuwa 10 ya hayayyafa ya mutu.